Wane Suna Kake Kiran Maƙwabcinka?

A farkon zangon karatu na bara aka kawo mini sabon yaro a aji. Shekarunsa ba su wuce goma sha ɗaya ba. Iyayensa sun taso ne daga wani ƙauye a yankin Chikun, suka kama ɗaki kusa da makarantarmu a nan arewacin Kaduna. A kwana na uku ya makara, sai na tambaye shi dalili. Ya miƙe tsaye cikin ladabi ya ce, "Malam, mun yi baki ne a gida." Baƙi yake nufi, amma harshensa bai saba da wannan harafi ba. Aji duka ya fashe da dariya, wani kuma daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Bagwari!"

Daga ranar nan yaron ya kulle bakinsa. Mako uku cur bai ɗaga hannu ba, ko da yake littafinsa ya nuna mini ya fi yawancinsu gane lissafi. Da na kira wanda ya yi ihun na tambaye shi inda ya koyi wannan kalma, sai ya ce, "Malam, ai a gida ne. Haka Mama takan ce mini in na yi wauta." Na san gidansu sarai. Mahaifinsa dattijo ne a ekklesiya, mutumin Bajju, kuma na sha jin yana gyara wa mutane magana in sun kira shi Kaje. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Wannan abu ne ya sa na zauna na yi tunani a kan sunayen da muke kiran juna da su. Waɗansu suna da daɗin ji, waɗansu na wasa ne, waɗansu kuwa dafi gare su. Ya kamata kowane gidan masu bi ya iya bambanta su.

Garin kowa da kowa

Babu inda ya fi Kaduna dacewa da wannan zance. Kafin zuwan Turawa, Gbagyi ne suke noma a wannan yanki. Hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano a 1911 ta bi ta nan, daga baya kuma hanyar gabas wadda ta taso daga Fatakwal ta biyo ta Kafanchan ta zo ta haɗu da ita. A 1917 aka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru aka kawo ta Kaduna, ta kuwa zauna ita ce babban birnin Jihar Arewa har 1967. Shi ya sa har yau ake ce mata garin Gwamna. Sojoji, da ma'aikatan jirgi, da akawuna, da 'yan kasuwa suka yi ta zuwa. Da aka buɗe masaƙar Kakuri a 1957 sai samari daga kowace kusurwa suka ƙara kwararowa neman aiki.

Sunayen unguwanni da tituna ma shaida ne. Muna da Unguwar Kanawa, muna da Tudun Nufawa. In ka shiga tsakiyar gari za ka bi titin Kano, da titin Katsina, da titin Jos, da titin Ibadan, da titin Abekuta, kamar an naɗe taswirar Nijeriya an ajiye a wuri ɗaya.

Akwai wani abin lura kuma. Hausa tana da hanyarta ta nuna asalin mutum. Mutumin Kano Bakano ne, jam'insa Kanawa. Na Katsina Bakatsine, na Sakkwato Basakkwace, na Gobir Bagobiri, na Zazzau kuwa Bazazzagi, jam'insa Zage-zagi. Amma da wuya ka ji an ce wa wani Bakadune. Ɗan Kaduna ake cewa, sa'an nan a bi shi da tambaya, "To, asalinku ina ne?" Kusan kowa a garin nan ya zo ne da suna biyu a cikin jakarsa: wanda yake kiran kansa da shi, da wanda maƙwabta suke kiransa da shi.

Kowane gari da kirarinsa

Bari mu fara da masu daɗin. Tsofaffin garuruwan ƙasar Hausa kowanne yana da kirarinsa, kuma a cikin kowane kirari akwai ɗan tarihi.

Kano ana ce mata ta Dabo, tumbin giwa. Dabo shi ne Sarki Ibrahim Dabo wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. Tumbin giwa kuwa saboda girmanta ne, gama babu abin da ba ya shiga cikinta. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya hau gado a 1463, kasuwar Kurmi take tara fatake. Saboda haka in Bakano ya ce maka ko da me ka zo an fi ka, yana da hujjarsa.

Katsina ana ce mata ta Dikko, ɗakin kara. Sarki Muhammadu Dikko ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Kara a nan ita ce kunya da girmama baƙo, watau ka bar abin da kake so domin ganin idon wani. A zamaninsa ne, a 1922, aka buɗe Kwalejin Katsina, wadda aka kawo nan Kaduna a 1938, aka kuma mai da ita Zariya a 1949. Ita ce yau ake kira Kwalejin Barewa. Katsinawa ba a Nijeriya kaɗai suke ba. Waɗanda suka bar gari a zamanin jihadi su ne suka kafa sarautarsu a Maraɗi, a ƙasar Nijar ta yanzu, har yau kuwa Sarkin Katsina ake ce wa sarkinsu.

Sakkwato ita ce birnin Shehu, watau Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ɗansa Muhammadu Bello ya gina garin a 1809. Daura ana ce mata tushen Hausa saboda labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu. Kabi ta Kanta ce, Bauchi ta Yakubu ce. Zariya kuwa, tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, mutane da yawa suna ce mata birnin ilimi.

Ko ba a faɗi kirari ba, harshe yakan nuna gidan mutum. Basakkwace zai gaishe ka da lahiya, ya tambaye ka mi kake so. Bazazzagi yakan ce rigan Audu inda Bakano zai ce rigar Audu. Mu kuma na Kaduna da Jos muna da tamu Hausar, wadda ta sha ruwan bariki da na kasuwa. Duk wannan arziki ne. Irin waɗannan sunaye da kirari mai su yana jin daɗinsu, gama shi ma da bakinsa yake faɗarsu.

Wasan taubasai

Akwai kuma sunaye na wasa. Wata rana a tashar Kawo na ga dattawa biyu suna ta musayar baƙar magana a kan kujerar gaba ta mota. Ɗaya ya ce, "Kai Bakano, in an ba ka wurin ma sayar da shi za ka yi." Ɗayan ya ce, "Ai gara ni, kai Bazazzagi da wayo za ka karɓe shi kyauta." Baƙo zai ce faɗa ne. Amma da mai shayi ya kawo musu, kowannensu ya rantse shi zai biya wa ɗan'uwansa.

Wannan shi ne wasan barkwanci, ko wasan taubasai. A cikin gida yake farawa. 'Ya'yan mace da 'ya'yan namiji taubasan juna ne, suna tsokanar juna har su tsufa. Kaka takan kira jikanta mijina, kakan namiji ya kira jikanyarsa amaryata. Daga nan wasan ya fita waje ya shiga tsakanin garuruwa da kabilu: Kanawa da Zage-zagi, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa, Fulani da Barebari. Bafulatani da Babarbare in sun haɗu, kowanne yakan ce shi ne ubangidan ɗaya. A ƙasar Nijar an riƙe wannan al'ada da daraja ƙwarai, har hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014.

Amma wasan nan yana da dokokinsa, kuma su ne suke riƙe da shi. Na ɗaya, duka biyu sun san wasa ne, sun kuma yarda. Na biyu, kowanne yana da ikon ramawa. Na uku, ba a yin fushi. Na huɗu, wanda ya fi duka, taubashinka yana da hakki a kanka. In ya shiga wahala kai ne na farkon taimako, in ya zo garinku baƙonka ne. Kakanninmu sun yi amfani da wannan wasa domin su binne tsohuwar gaba a cikin dariya.

In ɗaya daga cikin dokokin nan ta karye, wasa ya ƙare. Fulani da Tibi ma abokan wasa ne tun da. Akwai tsohon labari cewa wani Bafulatani ya bar wa Batibi ajiyar shanu, da ya dawo ya tambaya sai aka ce masa, "Mun ci." An ce daga nan ne aka sami sunan Munci. Dā dariya ake yi. Amma tun da jini ya zuba tsakanin makiyaya da manoma a ƙasar Binuwai, wannan dariya ta yi wuya. Tibi kuwa tun tuni ba sa son a kira su da wannan suna.

Har a ƙasar Turawa

Kada mu zaci mu kaɗai ne muke da wannan hali. Yawancinmu mun san labarin samari uku da suka sauka Ikko a watan Disamba na 1893 da niyyar kawo bishara ƙasar nan: Rowland Bingham da Walter Gowans daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Gowans ya rasu a Girku, a cikin Jihar Kaduna ta yanzu, a 1894, Kent kuma ya rasu a Bida a wannan shekara. Mu dai Turawan mishan muke ce musu duka, amma a can gida su ma suna da irin nasu Kanawa da Zage-zagi.

A Kanada mutanen lardin Nova Scotia ana ce musu Bluenose, watau masu shuɗin hanci. Waɗansu sun ce sanyin teku ne ya jawo sunan, waɗansu sun ce wani irin dankali ne da suke nomawa. Mutanen suka karɓi sunan hannu biyu, har suka sa shi ga wani jirgin ruwansu da aka ƙera a 1921, wanda ya yi ta cin gasar tsere. Tun 1937 hoton jirgin yake kan kwabon senti goma na ƙasar. Mutanen tsibirin Prince Edward kuma ana ce musu 'yan tsibirin dankali, ba su kuwa damu ba.

Amma mutanen Newfoundland, masunta ne da yawansu, waɗanda ba su shiga tarayyar Kanada ba sai a 1949, ana ce musu Newfie. An daɗe ana ƙirƙiro labaran ban dariya a kansu, ana mai da su wawaye, ana kwaikwayon yadda suke magana. Waɗansunsu sukan kira junansu da sunan, amma da yawa suna jin zafinsa in ya fito daga bakin bare. Ka ga ke nan, ko a ƙasar ƙanƙara akwai yaro irin na ajina.

Sunan da wani ya raɗa maka

Yawancin sunayen kabilu da muka tashi muna ji a Hausa, ba masu su ne suka raɗa wa kansu ba. Fatake da masu mulki ne suka ba su, Turawa kuma suka zo suka rubuta a takarda yadda suka ji. Waɗanda ake ce wa Kaje, su Bajju ne, harshensu Jju. Kataf su ne Atyap, harshensu Tyap. Jaba su ne Ham, harshensu Hyam. Kadara su ne Adara, Kurama su ne Akurmi, Chawai su ne Atsam, Gwari su ne Gbagyi. A kan dutsen Jos da kewayensa, Angas su ne Ngas, Sura su ne Mwaghavul, Yergam su ne Tarok, Ankwai su ne Goemai. Ko Fulani ma Fulɓe suke kiran kansu, Barebari kuwa Kanuri. Su ma Hausawa, Fulani sun ba su sunan Haɓe.

Ba kowane irin wannan suna ne zagi ba. Har yau muna da ƙananan hukumomin Jaba, da Zangon Kataf, da Birnin Gwari. Amma jama'a da yawa sun tashi sun nemi a mai da musu sunayensu na gado, domin a wurinsu tsohon sunan yana tuna musu da zamanin da ba su da bakin magana. Da aka kafa masarautun Atyap da Bajju a 1995, da sunayensu na gado aka kafa su, sarakunan kuma Agwatyap da Agwam Bajju ake ce musu. Yankin da iyayenmu suka sani da Kudancin Zariya ma, yanzu Kudancin Kaduna muke cewa.

Wani zai ce, ai suna suna ne kawai. To, Hausawa da kansu sun ce suna linzami ne. In maƙwabcinka ya ce maka, "Ni Bajju ne," ka kuwa ci gaba da ce masa Kaje, abin da kake gaya masa shi ne, kai ka fi shi sanin ko shi wane ne. Gyara wannan ba ya cin ko kwabo.

Sunaye masu dafi

Yanzu mun zo ga waɗanda suke sa ciwo. Ka dubi Bagwari. Sunan jama'a ne masu noma da haƙuri, waɗanda a kan ƙasarsu aka gina Kaduna, da Minna, da Abuja. Amma an mai da sunansu ya zama ma'anar wanda bai waye ba, in mutum bai iya Hausa sosai ba a ce yana gwaranci. Wannan ba wasan taubasai ba ne, gama yaron ajina ba shi da abin ramawa. Shi kaɗai ne, su arba'in.

Ka dubi Inyamiri, sunan da ake kiran Ibo da shi. An ce ya fito ne daga kalmomin harshensu na roƙon ruwan sha. Mai karatu, ka yi tunani a kan wannan. Mutum yana jin ƙishirwa ya roƙi ruwa, sai aka mai da roƙonsa abin yi masa ba'a har jikokinsa. Ubangijinmu kuwa ya yi alkawarin lada ga wanda ya ba da ko ƙoƙon ruwan sanyi, kamar yadda yake a Matiyu 10:42. Duk wanda ya san abin da ya faru da Ibo a garuruwan Arewa a 1966 zai yi nauyin baki da wannan suna.

Akwai kuma arne. Babu mai bi a Arewa da bai san zafin wannan kalma ba. Da yawanmu mun ji ta a kasuwa, ko a bakin yara a kan hanya. Muna kuka da ita, kukanmu kuma yana kan gaskiya. Amma bari mu dubi namu tudun. Me muke kiran mai sayar da ruwa, da mai gyaran takalmi, da mai gadin ƙofarmu? Aboki kalma ce mai kyau ƙwarai, amma a bakin mutane da yawa ta zama kalmar raini ga Bahaushe. Malam suna ne na girma, ni kaina da shi nake cin abinci, amma samarinmu sun gutsure shi sun mai da shi malo domin ba'a. In arne tana yi mana zafi, to, su ma waɗannan suna yi wa masu su zafi. Kada kuma mu manta akwai 'yan'uwanmu Hausawa da Fulani masu bi, a Wusasa, da ƙasar Kano, da ƙasar Katsina, da cikin majami'unmu na nan. Sa'ad da muka yi wa Hausawa kuɗin goro muka zage su duka, su ma muna sukar su, alhali a waje ma ba su huta ba.

Mu mazauna Kaduna mun san inda irin wannan magana take kaiwa. Mun ji abin da ya faru a Kafanchan a 1987, da Zangon Kataf a 1992. Mun ga rikicin watan Fabrairu da na watan Mayu na 2000 da idonmu, da kuma na watan Nuwamba na 2002. Bayansu ne gari ya rabu, yawancin masu bi suka ƙaura zuwa kudancin kogi, su Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi, yawancin Musulmi kuma suka tattaru a arewa. Har waɗansu suna kiran wannan gefe Makka, wancan kuma Urushalima. Ba na cewa suna ne ya kunna wutar, gama dalilan suna da yawa. Amma kafin mutum ya iya ɗaga hannu a kan wanda suka yi shekara ashirin suna gaisawa, sai ya fara manta sunansa na yanka, ya mai da shi ɗaya daga cikin "mutanen nan". Baki shi ke yanka wuya.

Mu da muka rage a arewacin kogi muna da kaya na musamman a kanmu. Maƙwabtanmu na dama da hagu Musulmi ne. Ga da yawansu, abin da suka sani game da Almasihu shi ne abin da suke gani a gidanmu, da abin da suke ji daga bakin 'ya'yanmu.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna mana

Wannan ciwo tsoho ne. A Littafin Mahukunta sura 12 an ba da labarin yadda mutanen Gileyad suka tare mashigin Kogin Urdun, suna gwada kowane mai wucewa da kalma ɗaya tak. Mutanen Ifraimu harshensu ba ya iya furta harafin farko na kalmar daidai, ta haka aka gane su. Mutum 42,000 suka hallaka a wannan yaƙi, dukansu kuwa 'ya'yan Isra'ila ne. Duk sa'ad da na karanta wurin nan sai in tuna da baki da baƙi.

A daren da aka kama Yesu, ta wurin maganarsa ne aka gane Bitrus Bagalile ne, kamar yadda Matiyu 26:73 ya nuna, gama mutanen Urushalima sun san harshen mutanen Galili. Nata'ala kuma, da ya ji Yesu daga Nazarat yake, sai ya yi shakka ko wani abin kirki zai iya fitowa daga can. Wannan yana cikin Yahaya 1:46. Watau Mai Cetonmu da kansa ya fito ne daga garin da ake rainawa, almajiransa kuma masu maganar ƙauye ne. Wanda ya yi wa ɗan ƙauye dariya saboda harshensa, da ya yi wa Bitrus ma.

Sunan da muke alfahari da shi ma, ba mu muka raɗa wa kanmu ba. Ayyukan Manzanni 11:26 ya nuna a Antakiya ne aka fara kiran almajirai Kirista. Ekklesiyar Antakiya kuwa irin ta Kaduna ce, Yahudawa da al'ummai a wuri ɗaya. Da mutanen gari suka rasa kabilar da za su sa su a ciki, sai suka kira su da sunan Ubangijinsu. Ekklesiyar HEKAN, wadda hedkwatarta take a titin Katsina, ita ma ta haka ta samo asali, daga masu bi na kabilu da ekklesiyoyi dabam dabam da aiki ya haɗa a garin nan, suna sujada tare da Hausa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma shi ne ya ba Bajju da Ngas da Bachama bakin yin addu'a tare. Abin kunya ne mu ɗauki harshen da ya haɗa mu, mu mai da shi bulalar dukan juna.

Me za mu yi a gidajenmu?

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaro ba a makaranta yake fara jin waɗannan kalmomi ba. A bakin murhu yake ji, da wurin cin tuwo, da sa'ad da Baba yake hira da abokansa a ƙofar gida. Saboda haka ga shawara kaɗan.

Da fari, ka tambayi maƙwabcinka yadda jama'arsu suke kiran kansu, ka riƙe wannan. In ka iya gaisuwa ɗaya a harshensa, ka ƙara masa da ita.

Na biyu, iyaye mata, kada a ƙara zagin yaro da sunan wata kabila. In ya yi wauta a ce ya yi wauta.

Na uku, a koyi sunan mai ruwa, da mai nama, da mai kanti. In ba a sani ba, Malam, da Baba, da Alhaji, da Hajiya, da Inna suna nan, kuma sun isa.

Na huɗu, kada a hana yara wasa, amma a koya musu gwada shi. Shi wanda ake yi da shi, yana dariya? Yana da ikon ramawa? Za ka iya faɗar kalmar a gaban mahaifiyarsa? In amsar ɗaya daga cikinsu a'a ce, to, a bari.

Na biyar, in an kira ɗanka da mummunan suna a waje, ka zauna da shi ka saurare shi, kada ka ce ba kome. Ka gaya masa ko shi wane ne a gaban Allah, sa'an nan ka koya masa kada ya rama da irinsa. Ku karanta Yakubu sura 3 tare a lokacin addu'ar iyali, ku ga abin da aka faɗa a kan harshe.

Game da yaron ajina, na je gidansu wata Asabar da yamma. Mahaifinsa ya shimfiɗa mini tabarma, ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Malam, mu Gbagyi ne. Ka gaya wa yaran haka kawai, ya isa." Ran Litinin na rubuta kalmar a allo. Na sa kowane yaro ya tashi ya faɗi sunan da jama'arsu suke kiran kansu, ya kuma koya mana gaisuwar safe a harshensu. Muka ƙirga harsuna goma sha huɗu a aji ɗaya. Da layi ya zo kan sabon yaron, ya faɗi tasa gaisuwar a hankali, na ce kowa ya maimaita. Babu wanda ya iya furta harafin farko na sunan jama'arsu daidai, har ni malaminsu. Wanda ya yi masa ihu ya gwada sau uku ya kasa. A nan ne yaron ya yi dariya, ya je allo da kansa ya ce, "Ba haka ba ne, ku saurara," ya fara koya mana.

Wahayin Yahaya 7:9 ya nuna mana taron da zai tsaya a gaban kursiyin Allah daga kowace kabila da kowane harshe. Ubangiji ya taimake mu mu fara koyon zaman wannan taro tun daga nan, a gidajenmu da unguwanninmu. Amin.